Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Su, Amma Ba Bene Ɗaya Ba

A 'yan watannin nan, sau uku wani abokina likita yana turo mini gajeren bidiyo iri ɗaya a WhatsApp. Wani katafaren jirgin ruwa ne mai baƙar gangar jiki da jan bututun hayaƙi yake keta Tekun Atlantika. A cikinsa ga dattawa cikin baƙar kwat suna rawa ƙarƙashin fitilu masu walƙiya, ga masu sabis da fararen safar hannu suna zuba shayi. A ƙarƙashin na ukun ya rubuta: "Wannan ita ce tafiya ta mutunci. Allah Ya kai mu." Na amsa da amin, domin ba ni da ja da addu'ar mutumin da yake kwana a tsaye a ɗakin tiyata. Kalmar "mutunci" ce ta tsaya mini a rai, kuma a kanta nake son mu yi gardama yau.

Jirgin da ke cikin bidiyon shi ne Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2004. Shi kaɗai ya rage cikin manyan jiragen da aka ƙera musamman domin jigilar fasinja tsakanin gaɓoɓin Atlantika bisa jadawali. Tsawonsa mita 345, wato ya zarce filayen ƙwallo uku a jere. Yana ɗaukar fasinja kimanin 2,700 da ma'aikata sama da 1,200. Yakan tashi daga Southampton a kudancin Ingila, ya yi kwana bakwai a ruwa, ya isa Brooklyn a birnin New York. Ra'ayina a kansa shi ne: babbar hajar da ake sayarwa a cikin wannan jirgi ita ce ƙwarewa wajen ɓoye wanda yake yin aikin, kuma "zamanin da" da ake yi mana kwaɗayinsa an gina shi ne a kan wannan ɓoyon. Wanda ya kira tafiyar da ta mutunci, ya wajaba a tambaye shi: mutuncin wa?

Mako guda a sama

Bari in fara da ba wa jirgin haƙƙinsa, domin wanda ya raina daɗin abu bai cancanci sukarsa ba. Fasinja yakan tashi da safe ya zagaya jirgin a kan dandamalin katako na hawa na bakwai, inda zagaye uku ya kai kimanin mil guda, ba abin da yake gani sai ruwa da sararin samaniya. Akwai laburare mai dubban littattafai, da ɗakin kallon taurari, da laccoci na masana. Da tsakar rana kyaftin yakan yi magana ta lasifika ya faɗi inda aka kai da yadda yanayi yake. Da ƙarfe uku da rabi ana zuba shayi a babban zauren rawa, da kiɗa a hankali. A wasu dararen sai da baƙar kwat da laktaye, mata kuma da dogayen rigunan biki, ake shiga manyan ɗakunan cin abinci. In an nufi yamma, ana mayar da agogo baya da awa guda a darare biyar, har yini ya zama awa 25. Karnuka da kyanwoyi ma suna da masaukinsu mai ɗakuna 24, an kafa musu turken fitilar titi daga Liverpool da famfon kashe gobara daga New York, don kada karen Ingila ko na Amurka ya rasa wurin da ya saba ɗaga ƙafa.

A lura da abu guda. A 1952 jirgin United States ya ƙetare wannan teku cikin kwana uku da awa goma da minti arba'in. Jirgin sama yau yana yin tafiyar cikin awa bakwai zuwa takwas. Saboda haka mai sayen tikitin kwana bakwai jinkirin yake saya da gangan: mako guda da ba wanda zai kira shi taro, ba abin da zai ɗauka da hannunsa sai cokali. To, amma hutun mutum 2,700 na mako guda ba ya sauka daga sama. Sai wasu sun rasa nasu.

Tun daga teburin abinci ake fara gane tsarin. Kamfanin ya daina amfani da kalmomin ajin farko da aji na uku, amma kuɗin ɗakinka ne ke tantance inda za ka ci. Mafi yawan fasinja suna ci a Britannia. Waɗanda suka fi su biya suna ci a Princess Grill. Manya kuwa a Queens Grill, kuma kowane ɗakinsu yana da hadimi na musamman. Waɗannan azuzuwa na sama suna da falo da wurin shan iska da sauran fasinja ba sa shiga. Wannan bai dame ni ba sosai, domin bambanci ne tsakanin mai kuɗi da wanda ya fi shi. Ajin da ya dame ni shi ne wanda ba ya cikin takardar talla.

Hanyar Bama

A can ƙasan jirgin akwai wani dogon lungu da ya ratsa shi daga gaba zuwa baya, wanda ma'aikata ke kira Burma Road, wato Hanyar Bama. Ta nan ake tura buhunan abinci da tulin zannuwan gado da shara, ta nan masu wanki da masu dafa abinci da masu gyaran inji suke kai-komo dare da rana, ba tare da fasinja ya yi tuntuɓe da su ba. An zana jirgin ne da matakalai biyu da ƙofofi biyu da duniya biyu, ta yadda gado zai gyaru, tawul ya sabunta, gurasa ta gasu kafin asuba, kamar aljanu ne suka yi.

A wannan sana'a ta jiragen shaƙatawa, kaso mai yawa na ƙananan ma'aikata daga Filifin da Indiya da Indunusiya da gabashin Turai suke fitowa. Kwantiraginsu kan kai wata shida zuwa tara, kuma al'adar sana'ar ita ce aiki kwana bakwai a mako, hutu na awoyi ne, ba na yini ba. Sukan kwana biyu-biyu a ƙananan ɗakuna, galibi marasa taga. Awar da aka ƙara wa fasinja don ya ƙara barci, ga mai aikin dare tsawon dare ce ta ƙaru. Ranar da jirgi ya iso tasha da asuba, kafin yamma sai an sauke dubban jakunkuna, an share ɗakuna sama da 1,300, an loda abincin wani makon, an tarbi sababbin baƙi da murmushi, a sake komawa teku.

Kada mai karatu ya zaci ina zargin wani da karya doka. Dokar kanta ce abin dubawa. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan ruwa ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara kuma ta fara aiki a 2013, ta ba wa ƙasashe zaɓi: ko su ƙayyade awoyin aiki, ko su ƙayyade mafi ƙarancin hutu, wato awa 10 a yini da awa 77 a mako. Mako yana da awa 168. A cire 77, saura 91. Ke nan mutum yana iya aikin awa 91 a mako, wata bayan wata, kuma takardu su nuna komai daidai. Mafi ƙarancin albashin tushe da wannan ƙungiya ta amince da shi ga ƙwararren matuƙi a 2025 shi ne dala 673 a wata. Ban ce abin da wani kamfani ke biya ke nan ba. Ina nuna inda duniya ta shimfiɗa tabarmar ne. Ga kuma kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kullum a kan lissafinsa, wanda ke nufin wani ɓangare na abin da ma'aikaci zai kai gida ya rataya a wuyan baƙo maimakon wuyan mai jirgi.

Sai batun tuta. Tutar da jirgi ke ɗauke da ita ce take tantance dokar ƙasar da ke aiki a cikinsa. A 2011 Cunard ya goge sunan Southampton daga bayan jiragensa uku ya rubuta Hamilton, babban birnin tsibirin Bermuda, bayan shekara 171 yana rajista a Birtaniya. Dalilin da ya bayar shi ne yana son kyaftin ya riƙa ɗaura aure a teku, abin da dokar Ingila ba ta yarda da shi ba. Masu lura kuwa sun nuna a lokacin cewa ƙaurar ta zo ne jim kaɗan bayan dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, wadda ta taɓo bambancin albashi tsakanin ma'aikatan jiragen da ke ɗauke da tutar ƙasar. Kowa ya auna da ma'auninsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, jirgin da ake tallarsa da sunan sarauniya da shayin Ingila mallakar Carnival ne, kamfanin da ke gudanar da harkokinsa daga Miami, kuma rajistarsa tana wani tsibiri a tsakiyar teku. Ingilar da ke cikinsa ado ce ta ɗakin baƙi.

Zamanin da ake kewa

Masu tallar jirgin suna cewa suna raya wani zamani ne da ya wuce, lokacin da tafiya take da daraja. To, mu duba zamanin. Titanic, wanda fim ɗin James Cameron na 1997 ya sa kowa ya san matakalarsa, yana da tukwanen tururi 29 da bakunan wuta 159, yana cin kwal kimanin tan 600 a yini. Kowane tan da shebur aka zuba shi. 'Yan wuta suna aikin awa huɗu su huta takwas, tsirara daga ƙugu zuwa sama, cikin zafi da ƙurar da ta sa ake kiran su baƙar tawaga. Mauretania, wanda ya riƙe kambun gudu kusan shekara ashirin, yana cin kusan tan 1,000 a yini. Fitilar da ke haska rigar attajira a sama, daga kafaɗar wani take samun wuta.

A tsakanin attajirai da 'yan wuta akwai fasinjojin aji na uku, masu ƙaura zuwa Amurka, waɗanda yawansu ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin ribar kamfanonin. A Titanic su kimanin 700 ne, bahon wankansu biyu. In an isa New York, 'yan ajin farko da na biyu a cikin jirgi ake duba su a sallame su, su kuwa a kwashe su zuwa tsibirin Ellis, inda aka tantance mutum kimanin miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954. Da Amurka ta tsuke ƙofarta da dokokin 1921 da 1924, sai kamfanoni suka yi wa ɗakunan fenti suka sayar wa ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido. Da jiragen sama masu gudu suka fara ƙetare tekun a 1958, cinikin jigila ya durƙushe, aka koma sayar da tunawa.

Daren 15 ga Afrilun 1912 ya fallasa lissafin duka. Titanic yana ɗauke da mutum kimanin 2,200, kwale-kwalen cetonsa 20 kuwa na mutum 1,178 ne. A ajin farko, kimanin kashi 60 cikin ɗari sun tsira. A aji na uku, kimanin kashi 25. Yaro ɗaya ne ya mutu a ajin farko, alhali fiye da rabin yaran aji na uku sun halaka. Cikin ma'aikata kusan 900, wajen kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba, kuma cikin hafsoshin injiniyoyi babu ko ɗaya da ya tsira. Garin Southampton kaɗai ya rasa mutum sama da 500. Bisa ƙa'idar lokacin, albashin ma'aikatan ya tsaya ne daga sa'ar da jirgin ya nutse. Kamfanin da ya ɗauki makaɗan jirgin aiki ya aika wa mahaifin ɗayansu, Jock Hume, takardar bashin sule 14 da kwabo 7 na kayan aikin ɗansa. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne zamanin da ake ce mana mu yi kewarsa.

Kuma labarin bai yi nisa da mu ba kamar yadda muke zato. Jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster, wato Accra da Apapa da Aureol, sun yi shekaru suna bin gefen wannan teku tsakanin Liverpool da Legas, suna ɗauke da jami'an mulkin mallaka da ɗalibanmu masu zuwa karatu. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Liverpool, suna kukan wariyar launin fata daga hafsoshin Turawa, har sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Idan ɗan Nijeriya ya kalli hoton irin waɗannan jirage ya hango kansa a teburin kyaftin, yana da kyau ya tuna benen da tarihi ya fi ajiye 'yan ƙasarsa.

Abin da za a ce mini

Na san amsar farko, kuma tana da ƙarfi. Za a ce ba wanda aka tilasta. Mutumin Manila ko Goa yana rububin wannan aiki ne saboda ya fi abin da zai samu a gida, da shi yake gina ɗaki ya biya kuɗin makarantar 'ya'ya. Haka ne. Ma'aikatan ruwa na Filifin suna aika biliyoyin daloli gida kowace shekara. Amma wannan hujja tana bayyana dalilin da ya sa mutum ya karɓi sharaɗi ne kawai, ba ta wanke sharaɗin ba. Mai jin yunwa ba ya taya ciniki. Ita ce hujjar da aka kafa wa 'yan wutan Southampton, waɗanda su ma layi suke yi a bakin tasha. Abin da ya canza halinsu ba tausayin fasinja ba ne. Kwanaki kaɗan bayan nutsewar Titanic, 'yan wutan Olympic, ɗan'uwansa, suka fice daga jirgi a Southampton saboda ba su yarda da kwale-kwalen ceton da aka ƙaro cikin gaggawa ba, har aka soke tafiyar. A 1914 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku. Duk wani haƙƙi da ma'aikacin ruwa yake da shi yau, ta hanyar gawa ko yajin aiki ko doka ya zo.

Amsa ta biyu ita ce: mutum da guminsa, ina ruwanka, ko dai hassada ce? Ban haramta wa kowa jin daɗin halalinsa ba. Likitan nan abokina ya fi ni cancantar mako guda na shiru. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki tsarin da aka zana don kada ka ga mai yi maka hidima, a raɗa masa suna wayewa. Mu da muka yi karatu mun fi kowa saurin faɗawa wannan tarko, domin mun saba auna ci gaban wuri da santsin hidimarsa, ba mu saba tambayar awa nawa mai hidimar ya yi barci ba.

Amsa ta uku ita ce ƙaurace wa jiragen ma'aikatan zai fi cutarwa. Na yarda, kuma 2020 ta nuna haka ta hanya mai ɗaci. Da annobar korona ta tsayar da jiragen shaƙatawa, an fara sauke fasinjoji, ma'aikata da yawa kuwa suka yi watanni a cikin jiragen da ke tsaye a bakin teku, wasu kuma suka zauna a gida ba albashi. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a watan Satumban shekarar cewa ma'aikatan ruwa kimanin 400,000, na jiragen kaya da sauransu, sun maƙale a teku bayan kwantiraginsu ya ƙare. Saboda haka ba rufe jirgin nake nema ba. Ina neman abubuwa uku da ba su fi ƙarfin kamfanin da ya iya ɗauko turken fitila daga Liverpool saboda karnuka ba: yini guda na hutu a mako a rubuce cikin kwantiragi, a shigar da kuɗin hidima cikin farashin tikiti ya zama albashi tabbatacce, a kuma buga wa jama'a awoyin aiki da matakan albashi kamar yadda ake buga jerin abincin dare. In tikiti ya ƙara tsada saboda haka, to, ashe dama wani ne yake cike giɓin da barcinsa.

A safiyar ƙarshe ta tafiyar, tun kafin gari ya waye, fasinjoji sukan fito saman jirgi su ga yadda zai wuce ƙarƙashin gadar Verrazzano, inda tsakanin bututun hayaƙinsa da gadar 'yan mitoci ne kawai, domin da auna ta aka tsara tsayinsa. Daga nan sai hasken Manhattan. A daren da ya gabata, yayin da suke barci, an bi ƙofa-ƙofa an kwashe jakunkunansu an jera a ƙasa. Su za su sauka su rungumi iyalansu. Waɗanda suka kwashe jakunkunan za su juya da jirgin kafin dare.

Ga abin da na rubuta wa abokina daga baya: "Likita, Allah Ya kai ka, ka je ka huta. Amma in ka je, ka riƙe sunan wanda yake gyara maka gado, ka tambaye shi yaushe rabonsa da gida da kuma yaushe rabonsa da yini guda cur ba aiki. Ka kawo mini amsarsa tare da hotunan, sa'an nan mu zauna mu yanke ko kalmar mutunci ta dace."